Dafin Kunama Da Gizo-Gizo Da Zanzaro: Sabon Maganin Ƙwarin Gona

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, masanin ƙwarin gona, ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai a garin Kongolam



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya taro saboda damar da ya ba ni ta tsayawa gaban malamaina in yi bayani suna zaune suna saurare. A da mu ne a zaune, su ne a tsaye da alli a hannu. Duk abin da za ku ji daga bakina yau, tushensa na wajensu. Allah ya saka masu da alheri, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma Allah ya jiƙansu.

Kwamiti ya nemi in yi magana a kan wani abu daga fagen aikina wanda zai amfani ƙasarmu. Na zaɓi maganin ƙwari, domin kusan duk wanda ke wannan zaure, ma'aikacin gwamnati ne ko ɗan kasuwa ko malamin makaranta, yana da gona, ko kuwa yana da ɗan uwan da yake aika wa kuɗin taki da na feshi kowace damina. Zan yi bayani a kan yunƙurin da masana ke yi na mayar da dafin kunama da na gizo-gizo maganin ƙwarin gona, da wahalar da ke cikin aikin, da kuma wani reshe na wannan aiki wanda tuni manoman gero a maƙwabtanmu na ƙasar Maraɗi suka ci moriyarsa.

HALIN DA MUKE CIKI

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ƙwari da cututtukan tsirrai na iya cinye har kashi 40 cikin 100 na amfanin gonar duniya a kowace shekara. Mu kam ba sai an karanta mana alƙaluma ba. Dattawan da ke nan sun tuna 1975, lokacin da cutar gyaɗa wadda darɓa ke yaɗawa ta lalata gonakin gyaɗa a Arewa, noman da bai sake komawa yadda yake ba. A farkon 2016 masana na cibiyar IITA da ke Ibadan suka tabbatar da ɓullar wata baƙuwar tsutsa daga nahiyar Amurka mai cin masara da dawa, kafin a ankara ta game Afirka. A wannan shekarar ce kuma tsutsar tumatir da manoman Kano ke kira sharon ta cinye gonakin Kadawa da na Jihar Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

Abin da manomi ya sani idan ƙwari suka afka masa shi ne ya tafi kasuwar Mai'adua ko ta Daura ya sayo kwalba, ya dama, ya goya famfo, ya shiga gona ba safar hannu ba abin rufe hanci. Idan bai ga ƙwari sun faɗi ba sai ya ƙara yawan maganin, ko ya gauraya iri biyu. Daga nan abubuwa uku ke biyo baya. Na farko, ƙwarin kan saba da maganin, domin waɗanda suka tsira su ne ke haihuwa, 'ya'yansu kuma su gaji juriyar. Na biyu, maganin ba ya bambanta maƙiyi da masoyi: yana kashe ƙudan zuma da ƙananan ƙwarin da ke cin tsutsa. Na uku, yakan biyo mu har cikin tukunya. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya saboda an sami sinadarin fiya-fiya a cikinsa fiye da ƙima. Abin da dokarsu ta yarda da shi miligiram 0.01 ne a kowane kilo, amma an sami waken da ya kai miligiram 4.6. Turawa sun ƙi saye, to wa ya cinye waken? Mu ne da 'ya'yanmu. Ƙaiƙayi ke nan ya koma kan masheƙiya.

Saboda haka abin da ake nema shi ne maganin da zai kashe ƙwaron da ake nufi, ya bar mutum da dabba da ƙudan zuma, kuma ya ruɓe ya ɓace ba tare da ya zauna cikin abinci ba.

ME YA KAWO DAFI CIKIN MAGANAR?

Mu mutanen ƙasar Daura ba baƙin labarin mai dafi ba ne, tarihinmu ma da macijin rijiyar Kusugu ya fara. Amma ba kowa ya san dafi na zama magani ba. Da yawanmu a waɗannan shekaru namu muna haɗiyar ƙwayar hawan jini kowace safiya. To, maganin nan mai suna captopril, wanda aka amince da shi a Amurka a 1981, daga binciken dafin wata kububuwa ta ƙasar Barazil aka samo shi.

Dafi ba abu guda ba ne. Ɗigo ɗaya na dafin gizo-gizo ko kunama yana ɗauke da ɗaruruwan ƙananan sinadarai irin na furotin, kowanne da aikinsa. Ku ɗauka jijiyar jiki gida ce mai ƙofofi da yawa, kowace ƙofa da kwaɗonta, shi kuma dafi zoben makullai ne. Wani makullin yana buɗe kwaɗon jijiyar mutum, shi ne ke sa raɗaɗin da duk wanda kunama ta taɓa harbi ba ya mantawa. Wani makullin kuwa kwaɗon jijiyar ƙwaro kaɗai yake buɗewa, idan ya shiga jikin ɓera ko mutum ba ya samun ƙofar da ta dace da shi. Dalili kuwa a fili yake: abincin gizo-gizo da kunama ƙwari ne, don haka mafi yawan makullan da ke zobensu na ƙwari ne. Aikin masani shi ne ya zare wannan makulli guda ya bar sauran. A 2022 adadin nau'o'in gizo-gizo da masana suka rubuta ya kai 50,000, na kunama kuma sun haura 2,000, kaɗan ne ƙwarai daga ciki aka binciki dafinsu.

Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Farfesa Glenn King na Jami'ar Queensland a ƙasar Ostareliya. Ya yi aiki a kan wani gizo-gizo na ƙasarsu mai saƙa kamar mazurari, wanda cizonsa ke da haɗari ga mutum, ya ware daga dafinsa sinadaran da ke shanye jikin ƙwari kawai. A kan wannan bincike aka kafa kamfanin Vestaron a Amurka, wanda ya yi magani mai suna Spear. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi masa rajista a 2014, ya shiga kasuwa a 2018. Kwamitin duniya mai rarraba magungunan ƙwari bisa yadda suke aiki ya buɗe masa rukuni nasa na kansa, rukuni na 32, wato yana kama jijiyar ƙwaro ta wurin da tsofaffin magunguna ba su kamawa. Amfanin wannan shi ne ƙwaron da ya saba da tsohon magani bai san wannan ba. Daga baya wasu ƙasashen Turai, irin su Italiya da Girka, sun ba da izinin gaggawa a yi amfani da shi a kan sharon ɗin nan ta tumatir.

WAHALHALU UKU DA YADDA AKE WARWARE SU

Wani zai tambaya, in haka ne me ya hana a cika kasuwa da shi? Akwai wahalhalu uku, kuma duk maganar inganta wannan magani a kansu take.

Wahala ta farko ita ce samun dafin da yawa. Abin da ake tatsa daga gizo-gizo ɗaya bai kai ya jiƙa kan allura ba, ga shi gona kadada-kadada ce. Wannan an riga an warware ta. Masana sukan kwafi umarnin da ke cikin ƙwayar halittar gizo-gizo na yin wannan sinadari guda, su saka shi cikin yis, ɗan uwan wanda masu burodi ke amfani da shi. Sai a zuba yis ɗin cikin manyan tankuna da ruwan sukari, yana hayayyafa yana fitar da sinadarin, a tace a zuba a jarka. Babu gizo-gizo ko ɗaya a masana'antar.

Wahala ta biyu ita ce babba, wato yadda dafin zai shiga jikin ƙwaron. Kunama da ƙari take harbi, gizo-gizo da fiƙa yake cizo, duka biyu kai tsaye suke zuba dafin cikin jiki. Manomi kuwa a kan ganye yake fesawa, sai tsutsa ta ci ganyen sannan dafin ya shiga cikinta. To, dafi furotin ne, cikin tsutsa kuma aikinsa narkar da furotin, abin da ya tsira kuma bangon hanji ya tare shi bai kai ga jijiya ba. Masana sun bi hanyoyi da dama don tsallake wannan bango.

Hanya ɗaya ita ce a haɗa shi da wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa da ake kira Bt, wadda aka daɗe ana fesawa a gonaki. Ita Bt huda hanjin tsutsa take yi, sai dafin ya bi ta hujin ya wuce. Haka ake amfani da Spear a kan tsutsotsi. Wannan Bt ɗin ce kuma ke cikin irin waken nan SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a watan Disamba na 2019 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, don maganin tsutsar da ke huda furen wake da kwansonsa.

Hanya ta biyu masana a Ingila suka bi, a jami'o'in Durham da Newcastle. Sun liƙa sinadarin dafin a jikin wani furotin na wata fulawa ta ƙasarsu, wanda ke iya ratsa bangon hanjin ƙwaro, ya zama kamar jakin da ke ɗaukar kaya ya haye da su. A 2014 suka buga sakamakon gwajin da ya nuna wannan haɗi bai yi wa ƙudan zuma wata illa ta a zo a gani ba, ko a rayuwarsu ko a iya gane hanyarsu ta abinci.

Hanya ta uku ita ce a ɗora dafin a kan wata cuta da dama can take kama ƙwari. Tun 1991 aka saka umarnin dafin wata kunama ta Arewacin Afirka cikin ƙwayar cutar da ke kama tsutsotsi, ta riƙa kashe su da sauri fiye da da, ko da yake wannan bai kai kasuwa ba. A 2007 masana biyu, Chengshu Wang da Raymond St. Leger, suka saka dafin wannan kunama cikin wata fumfuna mai suna Metarhizium, wadda ke tsirowa a fatar ƙwaro ta huda ta shiga jininsa. Ƙarfinta a kan tsutsar taba ya ninka sau 22. Ita wannan fumfuna ba baƙuwarmu ba ce. Maganin farin nan mai suna Green Muscle, wanda aka yi aikinsa daga 1989 zuwa 2002, daga jikin wata fara da aka samu a Jamhuriyar Nijar aka samo irin fumfunar da aka yi shi da ita.

Gwaji mafi kusa da mu a wannan hanya a Burkina Faso aka yi shi, a ƙauyen Soumousso kusa da Bobo-Dioulasso, aka buga sakamakon a 2019. Masanan ƙasar, ciki har da Abdoulaye Diabate, tare da na Jami'ar Maryland ta Amurka, sun gina wani ƙaton ɗaki na raga, suka dama fumfuna mai ɗauke da dafin gizo-gizo da man riɗi, suka shafa a baƙin ƙyalle suka rataya. Suka saki sauro 1,500. Bayan kwana 45, guda 13 suka rage. Sauro ba ƙwaron gona ba ne, amma gwajin ya nuna dabarar na aiki a zafi irin namu. Sai dai duk abin da aka sauya wa ƙwayar halitta ba a sakinsa a fili sai da izinin hukuma, a Nijeriya kuwa akwai hukumar da aka kafa a 2015 musamman don sa ido a kan wannan.

Wahala ta uku ita ce rana da kuɗi. Sinadaran dafin gizo-gizo a ƙulle suke kamar igiyar da aka yi wa ƙulli, shi ya sa suke jure zafi, amma abokan tafiyarsu, wato Bt da fumfuna, hasken rana na raunana su, sai an yi feshi da yamma kuma an adana su a inuwa. Sa'annan an yi waɗannan magunguna ne da tunanin manomin kayan lambu da 'ya'yan itace na Amurka wanda ke sayar da amfaninsa da dala. Manomin gero mai kadada ɗaya a jigawar Kongolam, wanda abin da ya noma shi ne cin gidansa, lissafinsa daban ne.

ƘARAMIN ZANZARO NA MARAƊI

A nan nake so 'yan uwa su ƙara kasa kunne. Akwai halittar da ke yin dafinta da kanta, ta nemo tsutsa da kanta, ta yi mata allura da kanta, ba yis ba tanki ba famfo. Ina nufin zanzaro, ba kuwa zanzaron riga ba wanda Sajan makaranta ke zane mu a kansa ranar Litinin. Duk wanda ya taɓa fasa ɗakin laka da zanzaro ke ginawa a bango ya ga tsutsotsi ko gizo-gizo a ciki, ba su mutu ba amma ba sa motsi. Harbinsu ya yi ya shanye masu jiki, ya ajiye wa 'ya'yansa abinci ɗanye.

Zanzaro na da wani ƙaramin ɗan uwa da masana ke kira Habrobracon hebetor. Tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, ba ya harbin mutum, kuma ana samunsa a rumbuna da ɗakunan ajiyar hatsi na ƙasashen Sahel, inda yake farautar tsutsar hatsi. Macen ce ke harbin tsutsa, dafin ya tsinke saƙo tsakanin jijiya da tsoka, tsutsar ta daina ci nan take. Sai ta yi ƙwai a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su tsotse ta, cikin kamar kwana 10 sun zama manya sun tashi neman wata. Tana kuma harbin tsutsotsi fiye da waɗanda take yi wa ƙwai.

Abokiyar gabar da aka tura shi a kanta ita ce tsutsar zangarniyar gero, wadda manoman Maraɗi ke kira murzuna. Kun san ta: ita ce ke bin zangarniya tana yanke furen a karkace, ta bar layi kamar an naɗa zare, dami ya yi girma a ido amma a sussuka ya zama ƙaiƙayi. Ta fara zama annoba a Sahel ne bayan farin 1972 zuwa 1974. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne na dare, yana ƙwai a kan zangarniya tana fitowa. Idan tsutsar ta ƙoshi sai ta sauka ta shige ƙasa ta kwanta duk tsawon rani, ta fito wata damina. Feshi ba ya mata sosai, saboda gero ya fi mutum tsayi a lokacin, ita kuma tana ɓoye cikin zangarniya.

Daga 2006 masana na Nijar da Burkina Faso da Mali, da tallafin Gidauniyar McKnight, suka fara kiwon wannan ƙaramin zanzaro suna kai wa ƙauyuka. Cikin jagororin aikin akwai Farfesa Ibrahim Baoua na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da Dokta Malick Ba wanda ya yi aiki a cibiyar ICRISAT da ke kusa da Yamai, da ma'aikatan cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, wato INRAN, reshen Maraɗi. Dabarar mai sauƙi ce. Ana ɗinka 'yar ƙaramar jaka ta algarara, a zuba gero da garinsa, a saka tsutsar hatsi guda 25 da matan zanzaro biyu da suka riga suka haɗu da namiji, a ɗaure baki. Ana kai jaka 15 ƙauye ɗaya lokacin da gero ke fitar da kai, a rarraba su gabas da yamma, kudu da arewa da tsakiya, a rataya a rumbu ko a bishiya inda ruwa ba zai jiƙa su ba. Bayan kamar kwana 8 sabbin zanzaro za su fara fitowa ta ramukan algarara su bazu cikin gonaki, su hayayyafa a jikin murzuna, su ci nisan kilomitoci. Binciken da aka buga ya nuna a ƙauyukan da aka saki zanzaron an kashe har kashi 80 cikin 100 na tsutsar, amfanin gero kuma ya ƙaru da kamar kashi 34 cikin 100. Mai samun dami 30 ya koma samun 40 ke nan.

Wannan dabara na da iyakarta. Ba ta maganin fara, ba ta maganin darɓa, ba ta maganin ƙuduji. Zanzaron na raguwa ƙwarai da rani saboda rashin tsutsa a daji, don haka kowace damina sai an sake saki. Idan an makara har tsutsa ta gama ɓarna, an yi aikin banza. Idan kuma maƙwabci ya fesa guba a lokacin, zai kashe zanzaron kowa. Sa'annan zanzaro bai san iyakar gona ba: wanda ya saya da wanda bai saya ba duk za su amfana, shi ya sa mutum ɗaya ba ya son ya biya. Aiki ne na gari gaba ɗaya, kamar gayya. A Nijar ƙungiyoyin manoma ne suka karɓi kiwon suna sayar wa ƙauyuka jakunkunan.

Tsakaninmu da waɗannan manoma babu wani bambanci na ƙasa ko na iri. Jigawa ɗaya ce, gero ɗaya, harshe ɗaya. An rufe iyakar nan ta Kongolam a 2019, an sake rufe ta a 2023, amma murzuna ba ta taɓa tsayawa a shingen kwastan ba.

ABIN DA ƘUNGIYARMU ZA TA IYA YI

Malam shugaba, ƙungiyarmu ta saba gyaran azuzuwa da sayen kujeru, wannan kuwa aiki ne mai kyau. Ina roƙon a ƙara da waɗannan shawarwari guda biyar.

Na ɗaya, a naɗa mutum biyu ko uku, cikinsu har da malamin kimiyyar noma na makarantarmu, su ziyarci jami'ar Maraɗi da INRAN su ga yadda ake kiwon, su kuma tuntuɓi masanan ƙwari na Samaru da malaman gona na hukumar KTARDA. Gani ya kori ji. Kada kowa ya ɗauko ƙwaro mai rai ya tsallako da shi iyaka ba tare da izinin jami'an killace tsirrai ba. Abin da za mu ɗauko shi ne ilimin, zanzaron kuwa masana za su iya nemo shi a rumbunanmu.

Na biyu, a ware kusurwa ɗaya a ɗakin gwaje-gwajen makaranta don kiwon tsutsar hatsi da zanzaron. Kayan aikin bokitai ne da kwalabe da ƙyalle da gero. Ɗaliban da suka yi wannan da hannunsu ba za su manta darasin rayuwar ƙwari ba, kuma wani cikinsu zai iya mayar da shi sana'a.

Na uku, a fara da ƙauye ɗaya ko biyu, da sanin Hakimi da dagatai da masu unguwanni, a yi yarjejeniya cewa ba za a fesa guba a gonakin gero ba daga fitar kai zuwa girbi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, a rubuta komai. Ɗalibai su ƙirga zangarniya 100 a gonakin da aka saki zanzaro da 100 a ƙauyen da ba a saki ba, su rubuta nawa ke da layin murzuna, da kaka kuma a auna hatsin da dami ya bayar. Da wannan takarda za mu tunkari ƙaramar hukumar Mai'adua da gwamnatin jiha, ba da fatar baki ba.

Na biyar, cikin tallafin karatu da muke bayarwa a keɓe gurbi ɗaya ga yaro ko yarinyar da za ta karanta ilimin ƙwari ko na sinadaran jikin halittu, a Katsina ko Dutsin-ma ko Kano ko Zariya. Kunamun da ke ƙarƙashin duwatsunmu da rumbunanmu suna ɗauke da nasu zoben makullan. Ya kamata cikin masu zare su a sami ɗan ƙasar Daura.

Kafin in zauna, ga gargaɗi biyu da nake roƙon kowa ya kai gida. Kada wani ya ji wannan jawabi ya je ya daka kunama ya jiƙa ya ce ya haɗa maganin feshi. Ba zai kashe tsutsa ba, saboda dalilin hanjin da na bayyana, kuma zai iya shan harbi a banza. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Haka kuma duk wanda ya zo kasuwa da kwalba ya ce maganin dafi ne daga waje, a duba lambar rajistar NAFDAC kafin a ba shi ko kwabo. Gargaɗi na biyu a kan wake ne. A daina zuba masa fiya-fiya. Buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro kuma aka yi gwaje-gwajensa da yawa a Maraɗi, yana kashe ƙwaron wake ta hanyar toshe masa iska, ba tare da ɗigon magani ba, muddin wake ya bushe kuma an ɗaure kowane ciki da kyau.

Iyayenmu malamai, ranku ya daɗe. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, don haka muna roƙon ku duba waɗannan shawarwari ku gyara mana inda ya kamata, kamar yadda kuka saba da jan biro. 'Yan uwana tsofaffin ɗalibai, ina fatan kafin a tashi daga taron nan za a naɗa mutanen da za su tafi Maraɗi, a kuma sa masu rana tun kafin ruwan shuka ya sauka.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.